Baƙon da ya sauka a ɗakin Iya

Da sunan Allah, wanda bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta. Ni tela ce a nan Gure, keke ɗaya gare ni a rumfar tsakar gida. Abin da ya zaunar da ni rubutun nan shi ne matan da ke kawo mini ɗinki. Kowacce sai ta tambaye ni abin da ya sami idon ƴata, kowacce kuma sai na faro mata daga tushe, har bakina ya gaji. To ga shi nan gaba ɗaya, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Yagana ake ce wa yarinyar, domin sunan uwar mijina ta ci. Shekararta uku da ɗoriya a lokacin. Ita ce ƴata ta fari, saboda haka ba na kiran sunanta, ba na kuma nuna damuwa da ita a gaban manya. Ko yanzu da na rubuta sunan sai da na waiwaya. Tun da aka yaye ta ta koma ɗakin kakarta, wadda duk gidan muke kira Iya. Can take ci, can take kwana, ni kuwa Yaya take ce mini. Duk wadda ta tashi a irin gidajenmu ta san wannan kara ce, ba ƙiyayya ba. Amma ku riƙe ta a rai, don ita ce ta ɗaure mini hannu daga baya.

Na san za a tambaye ni rigakafi. Lokacin da ta isa allurar wata tara muna zaune a ƙauye, kusa da kwarin da babanta ke lambu. Na goya ta na je likitar ƙauyen, aka ce ba a fasa kwalba don yaro ɗaya, in dawo ranar da yara suka taru. Na koma ranar, aka ce maganin bai iso ba. Daga nan damina ta sauka, muka taso muka dawo gari, magana ta bi ruwa.

A bazarar da abin ya faru, shiru ne ya riga cutar shigowa unguwarmu. Gidan da ta sauka ba a daka, ba a suya, ba a kunna radiyo, ba a ɗaga murya. Da hantsi, lokacin da turame kan amsa wa juna ta kan katanga, sai ka ji na gidan wance ya ɗauke. Bayan kwana biyu na maƙwabtansu ma ya ɗauke. Ina zaune a kan keke, da kunne kawai nake sanin inda abin ya kai. Mata in sun haɗu a famfo ba mai cewa ƙyanda, sai dai a rage murya a ce, "Baƙo ya sauka gidan wance." Yara suka daina fitowa wasa. Da rana tsaka ba abin da kake ji sai kukan kurciya da yashin da iska ke zubowa ta bayan ɗaki, kuma kullum shirun yana matsowa ta layinmu.

Makon farko da zazzaɓi ya fara mata, sai majina da tari, idanu suka yi jajur. Na ce mura ce, na saya mata siro na tari. Da safe jikin ya yi sanyi, da yamma ya koma kamar garwashi. Rannan Iya na warware mata kitso sai ta tsaya, ta leƙa bayan kunnenta. Ƙuraje ne ƙanana a jere, kamar an watsa mata ƙwayar hatsi.

Iya ba ta yi salati ba, ba ta ko kira ni ba. Tashi ta yi ta wanke hannu, ta sake zane, ta ɗauko sabuwar tabarmar da take ajiye wa manyan baƙi ta shimfiɗa a ɗakinta. Ta kwantar da yarinyar a kai, ta durƙusa, ta ce, "Lale, lale. Sannu da zuwa. Gida naka ne." Ba yarinyar take kallo ba. Idonta na bisa kanta kaɗan, wajen da fuskar mutum za ta kasance in yana zaune a wurin. Ina tsaye a bakin ƙofa da almakashi a hannu ina kallo.

Da ta fito na sunkuyar da kai na ce, "Iya, ko a kai ta likita?"

Ta jawo ni nesa da ƙofar kafin ta amsa. "Ke, a kunnenshi kike wannan magana? Baƙo ba ya son allura. In ƙarfe ya taɓa ta zai yi fushi ya koma ciki, in ya koma ciki kuwa ba ya fita shi kaɗai. Baƙonka annabinka. A karrama shi ya yi kwanakinshi ya wuce."

Kada ku ɗauka Iya muguwa ce, ko wadda ba ta san ciwon ƴaƴa ba. Tana da ɗa kafin mijina, wanda baƙon ya kama yana ƙarami. Aka ɗauke shi a kan jaki zuwa likita bayan ya riga ya galabaita, aka yi masa allura, ya cika a hanyar dawowa. Sauran ƴaƴanta a ɗaki ta yi jinyarsu, suka tashi. Abin da idonta ya gani ke nan, kuma da shi take auna komai.

Na kira mijina. Yana can kwari wajen Kelle yana ban ruwa, kuma sai ya hau tudun yashi waya ke kama shi. Muryarsa na zuwa tana yankewa ya ce, "Iya ce ta raine mu duka. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba ya ganinsa. Ki bi abin da ta ce." Na ce to. Me zan ce? A ce uwar ƴar fari ta tsallake maganar miji da ta uwar miji a kan ƴarta, ai sai a yi ta zancen a gidajen suna har shekara ta kewayo.

Haka gidanmu ya shiga layin masu shiru. Na lulluɓe kekena da zane. Iya ta toshe tagar ɗakinta da tsumma, ta saki tabarma a ƙofa, don baƙo ba ya son haske ba ya son iska. Ba wanka, ba nono, ba nama, ba mai, sai kunu tsararo kamar ruwan wanke ƙwarya. A gefen kan yarinyar ta ajiye ƙaramar ƙwarya da ruwa da ɗan hatsi a ciki, ta ce na baƙo ne, kada wanda ya taɓa. Kullum da safe ta gaishe shi ta tambaye shi kwanan gajiya. Kullum kuma in na leƙa sai in ga ruwan ƙwaryar ya ragu. Na san zafi na shan ruwa, na sani sarai. Amma a cikin duhun ɗakin nan sanin bai hana gabana faɗuwa ba.

Masu shawara kuwa ba su ɗauke ƙafa ba, sai dai a raɗe suke yi. Gwaggon mijina ta kawo jiƙon tsamiya. Wata ta ce a ɗiga mata ruwan sukari a ido. Wata ta ce kwalli ne maganin idon baƙo. Matar wani mushen lakkol, wato malamin makaranta, da aka turo daga Maraɗi ita kaɗai ta ce a tafi likita, ita ma a bakin zaure ta faɗa mini, tana faɗa tana dubawa ko akwai mai ji.

A mako na biyu ƙurajen suka rufe ta daga goshi har tafin ƙafa. Iya ta ji daɗi. Ta ce, "Kin gani? Ya fito duka, bai ɓoye komai ba. Mai mutunci ne." Ni abin da na gani daban. Bakinta ya yi gyambo, kunun ma ba ta iya haɗiyewa, ga zawo. Idanun sun manne da kwantsa, Iya na buɗe su da yatsa tana zizara kwalli tana ɗiga ruwan sukari. Tarin ya sauya, ya koma wani abu mai amo kamar daga cikin tulu. Sai muryarta ta tafi, wata ta zo a madadinta.

Wata rana da hantsi na kai kunu. Daga shiga ba na ganin komai, sai wari da zafi, sai ƙarar numfashi. Can daga kan tabarma na ji an ce, "Yaya." Wallahi muryar tsoho ce, mai kauri, a dishe, ba ta ƴar shekara uku ba. Na kusa sakin kwanon.

Na ce, "Na'am."

"Ki ce mishi ya tashi."

"Wa?"

"Wanda ya zauna mini a nan." Ta ɗora hannu a ƙirjinta. "Nauyi gare shi."

Iya na gefe tana mata fifita. Ta yi kwanaki ba ta runtsa ba, idonta ya faɗa. Ta ce a hankali, "Kin ji ko? Shi ne ke magana. In ya fara magana to ya kusa sallama." Na ajiye kwanon na fita, na shiga bayan gida na toshe bakina da gyale na yi kuka, don ko kukan ba a yarda baƙon ya ji ba.

Maƙwabciyata Zuwaira danga ce kawai tsakaninmu, kuma baƙon ya riga sauka a gidanta kafin namu. Ɗanta sa'an Yagana ne, tare suke cin ƙasa. Ana gab da azahar ina shanya sai na hango ta ramin danga maza sun shigo gidan, abin da ba a saba gani ba da rana. Ba mai magana. Ɗaya ya shiga ɗaki ya fito da wani abu naɗe a tabarma, a hannu ya riƙo shi kamar mai ɗauke da damin itace kaɗan. Suka bi juna suka fita. Zuwaira na zaune a kan turmin da aka kife, hannuwanta a cinya, bakinta a buɗe, amma babu sautin da ke fita. Wata tsohuwa na dafe da kafaɗarta don kada ta yi kururuwa, saboda ƙanen yaron ma na kwance kuma baƙon bai tafi ba. Ban taɓa ganin mutuwa mai shiru irin wannan ba. Shi ma an karrama masa baƙon, ba abin da aka rage.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Na tsaya har aka kira salla. Iya ta fito ta yi alwala, ta shimfiɗa darduma a inuwar ɗaki, ta ɗaga hannu ta yi kabbara. Ina jin ta fara karatu na ɗaga tabarmar ƙofar na shiga, na sunkuci yarinyar na goya. Ba ta fi nauyin kaza ba. Ta gaban Iya zan wuce, babu wata hanya. Ta gan ni. Ta tafa hannunta a cinya sau ɗaya, ta sake tafawa da ƙarfi, amma ba ta yanke sallar ba, kuma na san ba za ta yanke ba. Ban yi gudu ba sai da na fita zaure. A bakin titi na tare ɗan kabu-kabu, ko takalmi babu a ƙafata.

A likita layi na tarar har bakin ƙofa, mata da yara a ƙarƙashin rumfa. Na samu wuri na zauna ina jiran a zo kaina. Wata ma'aikaciya ta zo wucewa, ta ɗaga zanen goyona, ta saki da sauri. Ta yi mini faɗa a gaban kowa, wai na zo na zauna cikin jarirai da cuta mai yaɗo. Na ji zafin faɗan, amma gaskiyarta ce, kuma faɗan ne ya tsallakar da ni layin. Ta kai ni wani ɗaki ni kaɗai ta kira majo, babban ma'aikacin da ke duba marasa lafiya a wurin.

Majon mutumin yamma ne, Hausarsa a karkace take. Bai ko damu da ƙurajen ba. Ya buɗe ƙirjinta ya zuba wa haƙarƙarinta ido yana duba agogo, na ga yadda fatar ke lotsawa ciki duk sanda ta ja iska. Sannan ya jiƙa auduga ya wanke idanun ya buɗe na dama, ya buɗe na hagu. A na hagun ya daɗe.

Ya ce, "Madam, me aka sa a idon nan?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na faɗa masa kwalli, na faɗa masa sukari, na faɗa masa duhun ɗaki da hana nono da nama. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ɗauko wata ƴar jar ƙwaya mai taushi ya yanke bakinta, ya matse mata a baki. Ya ce, "Ƙurajen ba su nake tsoro ba, su da kansu suke tafiya. Ƙirji da ido nake tsoro. Wannan ƙwayar da an ba ta tun ranar farko, da wuya idon ya kai haka." Maganar nan har yau tana cikin kunnena. Ƙwayar ba ta kai ƙwayar wake ba, kuma ko dala bai karɓa ba.

Ya tura mu babbar likita, aka ba mu gado. Aka sa mata ƙarin ruwa da robar iska a hanci, aka fara allurar da ake ta tsoro. Ina riƙe da ita lokacin da ƙarfen ya shiga, kuma ba zan yi ƙarya ba, numfashina na riƙe ina jiran in ga abin da zai faru. Ba abin da ya faru. Ta yi ɗan kuka da muryar tsohon nan ta yi barci. Ma'aikatan wurin Allah Ya saka musu da alheri, akwai wadda da hannunta take wanke mata baki da ido. Amma kyautar da ake cewa ana yi wa ƙananan yara rabi ce. Ganin likita kyauta ne, magani kuwa yau akwai gobe a miƙo maka takarda a ce ka je farmasi. Mijina ya baro lambu ya zo, sai da ya sayar da akuya kafin mu fita. Bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi laifi ba. Ya dai zauna a bakin gado ya kasa kallona.

Iya kullum sai ta zo a ƙafa cikin ranar nan da kunu a jug, amma ba ta taɓa shiga ɗakin ba. A gindin bishiyar bedi take zama, ta aiko da kunun, ta jira har la'asar ta koma. Da farko tsararo take kawowa. Wata rana na buɗe na ga mai kauri ne, da nono a ciki. Na zuba na ba yarinyar.

A mako na uku zazzaɓi ya sauka, fatar ta yi ta saɓa kamar dusa, muryarta ta dawo. Idon dama ya washe. Na hagu ya yi fari a tsakiya kamar an ɗiga madara. Aka ba mu takarda zuwa Damagaram wajen likitan ido. Muka bi mota muka je, muka yi layi tun safe har rana ta take. Ya haska ya duba, ya ce gyambo ne ya ci baƙin idon ya bar tabo, ba abin da zai iya yi masa a nan. Ya ce mu gode Allah da na daman, don shi ma saura ƙiris ya bi ɗan'uwansa.

Na gode Allah, kuma ina godewa. Ƴata na raye, ɗan Zuwaira na ƙasa. Amma ina da magana da ku mata ƴan'uwana. Sunanta ƙyanda, cuta ce, ba ta da kunnen da za ta ji ku ba ta da zuciyar da za ta yi fushi. In yaro ya yi zazzaɓi da jan ido da tari, ku kai shi likita kafin ma ƙurajen su fito. Ku ba shi ruwa, ku ba shi nono, ku ba shi abinci, ku bar iska ta shiga ɗaki, kada a zuba masa komai a ido sai abin da majo ya bayar. In an ce ku dawo rigakafi gobe ku koma gobe, in an sake cewa jibi ku koma jibi, ku zame musu ƙarfen ƙafa. Masu likita kuma, don Allah, wadda ta goyo yaro ta taho a ƙafa daga nesa a duba lamarinta. Ke kuma uwar ɗan fari, kara kyakkyawar al'ada ce, amma ba a yin ta da yaron da numfashinsa ke fita da ƙyar.

Yanzu Yagana ta murmure, ta yi ƙiba, tana nan a ɗakin Iya kamar da. In za ta kalle ka sai ta ɗan karkata kai. Ba ta san an yi mata asarar komai ba. Bayan damina ma wani wasa ta gano da kanta. Takan rufe idon dama da tafin hannu, sai ta ƙyalƙyale da dariya ta ce duk mun ɓace. Yaran unguwa suka gwada, kowa ya rufe ido ɗaya ya ce shi yana gani. Ta ce musu, "Ai ni kaɗai na iya."

Da Iya ta fi son yin wasan. Tana tsakiyar tsintar hatsi ko jan carbi yarinyar za ta zo ta kama zanenta ta ja ta tsakar gida. "Iya, tsaya nan in ɓatar da ke." Sai tsohuwar ta ajiye abin da ke hannunta ta tashi ta tsaya a rana, hannuwanta a sake, tana kallon farin idon da ke kallonta. Yarinyar na ta dariya tana cewa, "Babu Iya, babu Iya." Ita kuwa ba ta motsi, ba ta share fuskarta, sai jikarta ta ga dama ta sauke hannu.